Kilomita 5, 10, 21 ko 42: Abin da ya kamata ku sani kafin ku shiga tseren kan titi

Da an idar da sallar asuba a Darmanawa da ke Kano, kafin masu Adaidaita Sahu su mamaye kwalta, akwai wata jama'a da titi yake zama nata na ɗan lokaci. Ga 'yan ƙwallo sun jero bibbiyu suna sassarfa, ɗaya yana ba da waƙa saura suna amsawa. Ga saurayin da ya cike takardar shiga soja, yana tara numfashin da zai fitar da shi kunya ranar tantancewa. Ga dattijo da carbi a hannu yana ɗaga ƙafa da sauri, domin likita ya gaya masa sikari da hawan jini sun fi son mai zama wuri ɗaya. Wasu su ɓulla titin Zariya ta wajen Asibitin Malam Aminu Kano, wasu su bi Court Road a Gyadi-Gyadi, wasu titin Gidan Zoo, wasu kuma su miƙe titin Maiduguri su nufi Hotoro.

Idan hantsi ya fara leƙowa, da yawansu a bencin mai shayi suke ƙarewa, kuma a nan musun yake tashi. Wata Asabar wani matashi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya dubi wani magidanci da ya taɓa zuwa Legas tsere ya ce, "Yaya, ni fa in ba kilomita 42 ba, sauran duk wasan yara ne." Magidancin ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ƙanina, na gama ta Legas ina ɗaga wa mutane hannu. Amma ranar da na yi kilomita 5 iya ƙarfina, sai da na rungumi falwaya ina jin ɗanɗanon jini a maƙogwaro."

Dukansu suna da gaskiya. Kowane nisa yana da irin kuɗin da yake karɓa a hannun mai gudu: wani numfashi yake karɓa, wani haƙuri, wani ƙafa, wani kuma watannin rayuwarka. Ga abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya zaɓi wanda zai biya.

Wane nisa ake magana a kai?

Tseren kan titi iri-iri ne, amma huɗu ne suka fi shahara a duniya: kilomita 5, kilomita 10, rabin gudun fanfalaki wanda yake kilomita 21 da mita 97 da rabi, sai cikakken gudun fanfalaki, wanda wasu ke ce wa gudun ya da ƙanin wani, kilomita 42 da mita 195.

Don lissafin ya zauna a ƙwaƙwalwa, a tuna da hanyar tsere da ke kewaye filin ƙwallo irin na Sani Abacha a Ƙofar Mata. Zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne. Kilomita 5 zagaye 12 da rabi ke nan. Kilomita 10 zagaye 25. Rabin fanfalaki ya kusa zagaye 53. Cikakkensa kuwa zagaye 105 ne da kusan rabi. In kuma da hanya aka fi gane nisa, cikakken fanfalaki ya yi kusa da a ce mutum ya tashi daga Kano a ƙafa ya bi titin Maiduguri har Wudil.

Wancan ɗan wutsiya na mita 195 yana da tarihi. A gasar Olamfik ta farko ta wannan zamani, wadda aka yi a Atina a 1896, nisan kusan kilomita 40 ne, don tunawa da labarin wani ɗan aike da aka ce ya yi gudu daga filin yaƙin Maraton zuwa Atina da albishirin nasara. A gasar Landan ta 1908 aka shata hanya daga fadar Windsor zuwa gaban rumfar sarauta a filin wasa, awon ya faɗa kan kilomita 42 da mita 195, kuma a 1921 aka tsayar da shi a matsayin ƙa'ida. Tseren na 1908 ya nuna wa duniya halin wannan nisa tun ranar farko. Ɗan Italiya Dorando Pietri ne ya fara shiga filin, amma a jigace, yana faɗuwa ana ɗaga shi, har jami'ai suka tallabe shi ya ƙetare layi. Saboda tallabar aka ƙwace nasarar aka ba Ba'amurke Johnny Hayes.

Awon hanyar ma ba da ka ake yinsa ba. A manyan tseruka, ƙwararre ne yake hawa keke mai na'urar ƙirga juyin taya, ya bi mafi gajartar layin da mai gudu zai iya bi, sannan a ƙara mita ɗaya a kan kowace kilomita don kada hanyar ta gaza. Shi ya sa wanda ya auna da waya ko agogo yakan ga abin da ya gudu ya ɗan zarce abin da aka rubuta.

Gamawa kake nema ko tsere?

Wannan tambaya ce take raba gardamar bencin mai shayi. Idan burinka ka kai ƙarshe ko da rarrafe, to lissafin a miƙe yake: 5 ta fi 10 sauƙi, 10 ta fi 21, 21 ta fi 42. Mai ƙoshin lafiya zai taka kilomita 5 da tafiya kawai cikin awa ɗaya, ya wuce kasuwa abinsa.

Idan kuwa so kake ka fitar da duk abin da ke jikinka, ka ga iya saurin da Allah ya ba ka, lissafin ya sauya. Gajeren nisa yana ba ka damar ƙure maleji, ƙure maleji kuma shi ne azabar. Dogon nisa yana tilasta maka lallaɓawa, sai dai yana ajiye maka nasa hisabin a ƙarshe. Saboda haka za ka tarar da gogaggun masu gudu da suke shakkar kilomita 5 fiye da rabin fanfalaki.

Kilomita 5: gajere mai yaji

Jikin kowane mai gudu yana da wani mizani, wato saurin da zai iya riƙewa na kimanin awa ɗaya. Ƙasa da wannan mizani, iskar da huhu ke shigarwa tana wadatar da tsoka. Da zarar an haura shi, tsoka tana ƙona sikari da gaggawar da jiki ba ya iya share bayanta, sai ƙafa ta yi nauyi, ƙirji ya ɗauki zafi, numfashi ya koma haki.

Wanda ya zo tseren kilomita 5 da gaske, a saman mizanin nan yake yinsa tun daga tashi har sauka. Kilomitar farko daɗi ne da ita, jiki sabo, jama'a na ihu. A ta biyu haki ya fara. A ta uku da ta huɗu ne zuciya take fara raɗa maka cewa ai babu wanda ya aike ka. Ba ka iya haɗa kalma uku, wani lokaci suka ta kama ka a kwiɓi. Sai ka hango ƙarshe, ƙarfin da ba ka san da shi ba ya taso.

Kyawunta shi ne bashinta ba ya kwana. Minti goma bayan gamawa ka dawo hayyacinka, bayan kwana biyu ko uku ka koma atisaye. Shirinta ma bai da tsawo: wanda bai taɓa gudu ba, in ya riƙa fita sau uku a mako yana cakuɗa tafiya da sassarfa, cikin wata biyu zuwa uku yakan iya haɗa kilomita 5 ba tsayawa. Wannan sauƙin ne ya sa ta zama ƙofar shiga. A 2004 mutum 13 suka taru a wani lambu da ake kira Bushy Park a Landan suka yi gudun kilomita 5 kyauta ran Asabar. Abin da ya tsiro daga nan, wanda ake kira parkrun, yau ana yinsa duk Asabar a ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu.

Kilomita 10: mai gwada haƙuri

Mutane da yawa suna ɗauka kilomita 10 gudu ne na hutu, tunda ai dole a rage sauri. Ana ragewa, amma kaɗan. Zafin da ka ji a kilomita 5 ya ɗan sassauta, lokacin jinsa kuma ya ninka. Wurin da ake cin kasuwar shi ne daga kilomita ta 6 zuwa ta 8: ɗokin farko ya ƙare, ƙarshe bai bayyana ba, kai kaɗai ne da hakinka. Wanda ya tashi da gudun 'yan ƙwallo a kilomita biyun farko, a nan za ka wuce shi yana tafiya hannu a ƙugu. Sauri ya haifi nawa.

Ga mai matsakaicin shiri, tsere ne na minti 50 zuwa awa ɗaya da kwata. Ba ya buƙatar cin komai a hanya, kurɓin ruwa sau ɗaya ko biyu ya isa, kuma fita uku ko huɗu a mako ta wadatar wajen shirinsa.

Kada dai a manta cewa lamba ba ta faɗar komai game da ƙasar da za a taka. Tseren Okpekpe da ake yi a jihar Edo, kusa da Auchi, tun 2013, kilomita 10 ne kacal, amma hawa ne da gangara cikin duwatsu, ga zafi da gumin kudu. Na tsaunin Obudu a jihar Kuros Riba, wanda aka fara a 2005, kusan kilomita 11 ne, yawancinsa hawa. Ɗan Tarauni da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, in yana da niyyar irin waɗannan, gara ya fara sabawa da matakalar Dutsen Dala ko hawan Goron Dutse.

Rabin fanfalaki: wanda ya fi yawan masoya

In ka tambayi waɗanda suka ɗanɗani nisan huɗu duka wanne suka fi jin daɗinsa, amsar da za ka fi ji ita ce kilomita 21. Dalilin a bayyane yake. Saurin yana ƙasa da mizanin haki, don haka a kilomita goman farko kana iya kallon gari, ka amsa gaisuwa, ka yi wa na kusa da kai 'yar magana. Nisan kuma ya kai abin bugun ƙirji. Ba kowa ne zai ce ya yi rabin hanyar Wudil da gudu ba. Sannan ajiyar abincin da ke jiki takan kai yawancin mutane ƙarshe ba tare da ta ƙare ƙarƙaf ba.

Nasa harajin a ƙafa yake karɓa. Daga kilomita ta 16 cinya da sha-raɓa za su fara ƙorafi, safar da ba ta zauna daidai ba ta zama bororo, rigar da ta jiƙe ta fara gurzar hamata. Ga talakan mai gudu, aikin awa biyu ne zuwa biyu da rabi. Shirinsa yakan ɗauki kamar wata uku ga wanda ya riga ya iya kilomita 10, tare da doguwar fita ɗaya duk mako. Tsamin jikinsa kwana uku ne zuwa huɗu, cikakkiyar warwarewa mako ɗaya ko biyu.

Ba sai an ƙetare Kwara ba kafin a ga irinsa. A watan Nuwamban 2020 an yi tseren rabin fanfalaki a Kaduna, haɗe da na kilomita 10 da na 5, kuma 'yan tsere daga gabashin Afirka sun halarta.

Cikakken fanfalaki: inda rumbu yake ƙarewa

Kuskuren da sabon shiga yake yi shi ne ya ce 42 ai 21 ce sau biyu. A takarda haka ne. A jiki kuwa akwai wani abu da yake faruwa wanda babu shi a sauran nisan.

Jiki yana da makamashi iri biyu. Akwai sikarin da yake ajiyewa a hanta da tsoka, wanda yake kamar ƙirare: nan da nan ya kama, wutarsa da ƙarfi, amma ba shi da yawa. Akwai kuma kitse, wanda yake kamar gungume: ko siririn mutum yana da mai yawa, sai dai a hankali yake ci. Ajiyar sikarin ba ta cika wuce kalori 2,000 ba. Mai gudu kuma yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai nauyin kilo 65 ke nan yana buƙatar sama da kalori 2,700 kafin ya cinye kilomita 42. Ƙiraren ba za su kai ba.

Shi ya sa tsakanin kilomita ta 30 da ta 35 ake ganin abin tausayi. Mutumin da ke tafe garau sai ka ga kamar an zare masa laka. Ƙafa ta ƙi ɗaguwa, kai ya yi fayau, lissafi mai sauƙi ya gagara, jijiya ta ɗaure. Masu gudu a duniya suna kiran wannan wuri bango, don ji ake kamar an yi karo da shi. Ga kuma dukan da ƙafa ta sha: taku dubu talatin da wani abu zuwa dubu hamsin, kowane taku yana sauke nauyin jiki ninki biyu zuwa uku a kan gwiwa da agara.

Maganin bangon uku ne, kuma duk kakanninmu fatake sun san su. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ba ya ƙure jakuna a zangon farko, ba ya tafiya ba guzuri, ba ya kuma fafe gora ranar tafiya. Haka mai fanfalaki: ya tashi a hankali fiye da yadda zuciyarsa ke so, ya riƙa jefa wani abu mai zaƙi a baki tun kafin yunwa ta zo, ko dabino ne ko ayaba, sannan ya zo da shirin wata huɗu zuwa biyar a bayansa, wanda a ciki ya yi fitar kilomita 28 zuwa 32 fiye da sau ɗaya.

Wannan shirin ne ainihin tsadar fanfalaki. Doguwar fita ta awa uku tana cin safiyar Asabar ko Lahadi ɗungurungum, ta bar ka kwance har la'asar. Ɗaurin aure zai wuce ka, uwargida za ta yi magana, shago zai buɗe a makare. Bayan tseren kuma sai ka yi kwanaki kana saukowa daga bene da baya-baya. Masu horarwa suna da wani ƙiyasi: kwana ɗaya na lallaɓa jiki a kan kowane mil da aka yi tsere. Kilomita 5 kwana 3 ke nan, 10 kwana 6, rabin fanfalaki kwana 13, cikakke kwana 26.

Babban fagen wannan nisa a ƙasar nan shi ne tseren birnin Legas, wanda aka fara a 2016, ake yinsa a watan Fabrairu. A shekarunsa na farko daga babban filin wasa na Surulere ake tashi, a hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 wadda ba ta da inuwa ko ta sisin kwabo, a ƙare a Eko Atlantic. Ɗan Kenya Abraham Kiptum ne ya lashe na farko. 'Yan Kenya da Habasha ne suka saba kwashe manyan kyaututtukan, a cikin 'yan gida kuwa 'yan jihar Filato ne suka fi yin fice, irin su Deborah Pam da Emmanuel Gyang. Ba abin mamaki ba ne: Jos tana bisa tudun da ya kai kusan mita 1,200, garin Iten na Kenya inda zakarun duniya ke atisaye ya kai kusan 2,400, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Wanda ya girma yana gudu inda iska ta yi ƙaranci, jininsa ya koyi tattalinta.

Yadda za ka ƙiyasta lokacinka

Wani injiniya Ba'amurke, Peter Riegel, ya fitar da wani lissafi a 1977 wanda har yau ake amfani da shi. Taƙaicensa: duk lokacin da nisa ya ninka, lokacin gudu yakan ninka ya ƙara kusan kashi 4 cikin 100 a kan ninkin. Wanda ke yin kilomita 5 a minti 30, ana sa ran zai yi 10 a kusan minti 63, rabin fanfalaki a awa 2 da minti 18, cikakke a awa 4 da minti 48. Lissafin yana faɗar gaskiya har zuwa kilomita 21. A kan 42 yakan yi wa wanda bai yi dogon shiri ba alkawarin da ba zai cika ba.

Dubi kuma yadda abin yake a wajen gwanaye. Berihu Aregawi na Habasha ya yi kilomita 5 a minti 12 da daƙiƙa 49 a Barsalona a 2021, wato kowace kilomita minti 2 da daƙiƙa 34. Ɗan ƙasarsu Yomif Kejelcha ya yi rabin fanfalaki a minti 57 da daƙiƙa 30 a Balensiya a 2024, kusan minti 2 da daƙiƙa 44 a kilomita. Marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya yi cikakke a awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a 2023, minti 2 da daƙiƙa 51 a kilomita. Nisa ya ninka sau takwas, amma abin da ya ƙaru a kowace kilomita daƙiƙa 17 ne kawai. Don ka ji abin a jikinka, je ka gwada zagaye ɗaya na fili a daƙiƙa 69. Kiptum ya jera irinsa 105.

Ranar Kano, ƙurarta da kwaltarta

Duk lissafin da ya gabata yana rushewa idan rana ta shigo. Masu fanfalaki sun fi yin sauri a sanyin da ya kai kamar digiri 10 zuwa 12. A bazarar Kano, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana taɓa digiri 40 da rana, ko asubar ma da ɗuminta. Kuma tsawon tsere shi ne tsawon zaman da za ka yi a hannun rana. Mai kilomita 5 da ya tashi ƙarfe shida ya gama kafin ta buɗe ido. Mai 42 yana kan kwalta har ƙarfe goma sha ɗaya.

Gwanaye ma ba su tsira ba. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka fara fanfalakin mata don gudun zafi, duk da haka cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. Fanfalakin Olamfik ta Tokiyo kuwa ɗauke shi aka yi gaba ɗaya aka kai Sapporo da ke arewa.

A zafi mutum yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya a awa ko fiye, wato ledar fiya wata biyu. A sha ruwa gwargwadon ƙishi, a haɗa da ɗan gishiri da sikari in fitar ta yi tsawo. Ɗurawa ciki ruwa zalla ba ƙaƙƙautawa a dogon tsere shi ma haɗari ne, don yana tsarma gishirin jini. Wanda ya fara jin jiri, ko tsigar jikinsa na tashi a tsakiyar zafi, ko maganarsa ta fara rikicewa, ya tsaya, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a nemi asibiti.

Hunturu, wajen Disamba da Janairu, shi ne kakar mai dogon gudu a Kano, don asubarsa tana da sanyin da ake nema. Matsalarsa hazo. Ranar da ƙura ta rufe gari har ba ka hango gadar Dangi daga nesa, mai asma da mai tari su haƙura. Damina tana kwantar da ƙura ta kawo taɓo da kwatamin da ya cika ya ɓoye bakinsa. A watan azumi kuma masu hankali sukan ajiye dogon nisa, su koma 'yar gajeriyar sassarfa dab da shan ruwa ko bayan tarawi.

Titin kansa abin lura ne. Titin Zariya da na Maiduguri hanyoyin manyan motoci ne. A riƙa gudu ana fuskantar abin hawa, a sa riga mai haske, a cire abin jin waƙa daga kunne, a fita cikin ayari in da hali. Mata da yawa sun fi sakewa su fita rukuni-rukuni da sassafe ko su zagaya cikin harabar makaranta ko fili mai katanga, kuma sutura ba ta hana kowa. Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai wakiltar Holan, wadda ta ci tagulla a mita 5,000 da 10,000 sannan ta ci zinare a fanfalaki a Olamfik ta Faris a 2024, da lulluɓinta ta hau karɓar lambarta.

To wanne ya fi wuya, wanne ya fi daɗi?

In zafin minti-minti ake nufi, kilomita 5 ce a gaba, 10 na bin ta. In lalacewar jiki da cin lokaci ake nufi, babu mai kama ƙafar 42. In daɗin da ake ji ana cikin gudu ake nema, 21 ta fi. In kuma daɗin bayan an gama ne, irin wanda ke sa ƙato ya zauna a bakin titi yana hawaye da lamba a wuya, wannan na 42 ne, kuma ba ya samuwa a wani wuri.

Ga mazaunin Darmanawa ko Gyadi-Gyadi mai shago ko ofis da iyali, kilomita 10 ce ta fi dacewa da garin da yake ciki. Tana shiga tsakanin asuba da karin kumallo, ana gama ta kafin rana ta yi fushi, ba ta neman guzuri, kuma ana iya yinta kusan duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi. Mai shirin kilomita 10 ya cika wannan har da ƙari. Lafiya ba ta ce sai ka je Wudil ba.

Kafin a fara, wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, sikari, ciwon zuciya ko ciwon ƙirji, ya ga likita. Mai sikila, da ma mai rukunin jini AS, ya san cewa ƙure jiki cikin zafi da ƙishi yana da haɗari na musamman a gare shi. Mai zazzaɓi ya bari sai ya warke sarai. Takalmi kuma ba sai mai tsada ba. Kambas ɗin gwanjo mai taushin ƙasa, wanda ya bar wa yatsu sarari, ya isa. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci fanfalakin Olamfik a Rum a 1960, amma shi bai bi ta kan fasassun kwalabe da ƙusoshin bakin gareji ba. Sai a hau tsanin daki-daki: 5, sannan 10, sannan 21, kowanne a ba shi watanninsa.

A bencin mai shayin nan, matashin bai sauka daga kan bakansa ba. Ya ce shi dai Legas zai je, 42 zai yi. Magidancin ya miƙe yana karkaɗe wando ya ce, "Allah ya kai mu. Amma Asabar mai zuwa ka same ni nan bayan asuba, mu yi biyar tukuna, ni a gaba kai a baya." Mai shayi, da ke juya ƙwai bai ɗago ba, ya ce, "Alhaji, in dai da gudu za ku tafi, a fara biyan na yau."